Tudun Aguwa: Gadar da Injiniya Barau Ya Binne

Duk ranar Litinin, da gari ya waye, Injiniya Barau yakan turo tsohon babur ɗinsa daga zaure a Talata Mafara, ya ɗaure shebur da wani guntun rodi a baya, ya kama hanyar Janbako. Matarsa Turai ta daɗe da daina tambayar inda za shi. Takan miƙa masa kunu a gora, ta ce, "Ka gaishe min da ɗiyarka ta fari." Shi kuwa ya amsa da cewa za ta ji, fuskarsa a ɗaure, sai ka rantse da gaske wata 'ya ya aurar can.

Inda yake tsayawa wani ɗan tudu ne a kan burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, aguwa ta yi masa shinge dama da hagu. Sai ya jingine babur, ya tuɓe takalmi, ya taka tudun nan da ƙafa tsirara daga wannan gefe zuwa wancan. In ya ji inda ƙasa ta lotsa, ya cike. In akuya ta karya aguwa, ya sari reshe ya soke a gurbin. Daga nan ya gangara gefe, ya bi wasu 'yan ƙofofi da ke jikin dutse yana tsokana da rodinsa, don kada laka ta toshe su. Baƙon da ya wuce zai ɗauka wani dattijo ne ya ɓatar da makulli. Kafin rana ta yi zafi ya gama, domin da yamma garkunan shanu za su biyo ta nan zuwa kasuwar Talata.

A watan nan Injiniya Barau ya ajiye aiki. An taru, an sha lemo, an yi jawabai, an lissafa kwalbatoci da ƙofofin ruwan da ya gyara a aikin noman rani na Bakolori. Na kasa kunne har aka shafa fatiha, ban ji wanda ya ambaci Tudun Aguwa ba. Abin ya ɓata mini rai, amma da na huce sai na ga ba laifinsu ba ne. Yawancin waɗanda suka yi jawabin sun sha wucewa ta kansa, ba su san gada suke takawa ba. Shi ya sa na bi waɗanda aka yi abin a gabansu, na tattaro labarin.

Barau ɗan mahauta ne. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Tsoho, mahauci ne kuma fatoma. Fatoma shi ne mutumin da fataken shanu ke sauka gidansa, ya ba su tabarma da tuwo, ya tsaya musu wajen ciniki a kara, wato kasuwar shanu. Ba ya da wani jari da ya wuce bakinsa. In ya ce wa baƙo ya zo, baƙon zai koro dukiyar mutane ya zo, ba ya tambayar kowa. Daga wannan gida Barau ya tafi karatun aikin gini, ya dawo daidai lokacin da ake haƙar madatsar Bakolori, aka ɗauke shi aiki, aka ba shi hular kwano.

Wanda ya ga shekarun nan ya san ba lokacin sa hular kwano ba ne ga ɗan gari. Gonaki sun nutse, an yanka wasu an sake rabawa, maganar diyya ta zama rigima har aka yi asarar rayuka. Mutane suna ganin duk mai aiki da manyan motocin nan a matsayin wanda ya sayar da su. A kara an sha yi wa Tsoho habaici a kan ɗansa, shi kuwa ya ƙi sunkuyar da kai. Yakan ce gara a samu nasu a ciki, wanda ya san abin da ke yi musu ciwo.

Abin da ke yi musu ciwo kuwa ba a jima ba ya bayyana. Ɗaya daga cikin kanal-kanal ɗin da aka ja daga madatsa, wato manyan magudanan nan masu bango na siminti, ta yanke burtalin Janbako biyu. Shanun da suke miƙowa kai tsaye sai da suka riƙa yin wani dogon zagaye, su iso kasuwa a gajiye, ciki ya zube, ciniki ya lalace. Fatake suka fara maganar karkata zuwa kasuwar Maradun. Barau ya je ya roƙi manyansa su bar masa aikin mahayi a wurin, suka bar masa.

Ya zuba iyakar iliminsa. In dai nauyin saniya ne, babu injiniyan da ya kai shi sani, don tun yana yaro yake riƙe ƙafa ana fiɗa. Ya ƙiyasta garke guda a tsaye a kan gadar, ya ƙara wani garken a kai don kwanciyar hankali. Ya zuba kankare mai kauri, aka goge samansa sumul, aka kafa ƙarafan dogarawa aka shafe su da farin fenti. Gada ta fito fes, har mutanen ƙauye suna zuwa kallo. Tsoho ya aika wa babban baƙonsa, Hayatu na Janbako, cewa su zo, ɗansa ya yi musu hanya.

Hayatu yana nan da ransa, kuma shi ya ba ni labarin wannan Litinin, yana yi yana shafa kafaɗarsa ta hagu. Ya ce a gaban garken akwai wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho, ita ce ja-gaba, ba ta sayarwa ba ce, duk inda ta sa ƙafa sauran za su bi. Da ta ɗora kofato a kan kankaren nan sai ya yi ƙara kamar an doki ganga. Farin ƙarfe yana walƙiya a idonta, ta tsakaninsa kuma tana hango ruwa yana gudu a ƙasa. Ta ja da baya. Na baya ba su san abin da ke gaba ba, suna ta turowa, masu kora kuma suka sa sanda. Garke ya cushe a bakin gada, na gefe suka zame a kan bangon siminti suka faɗa ruwa. Bangon kanal ba ya da wurin kama ƙafa. Aka yi ta jefa igiya, aka ceto waɗanda aka ceto, Hayatu ya goce kafaɗa wajen ja. Huɗu ruwa ya tafi da su, ya danne su jikin ragar ƙarfen da ke can gaba, suka mutu wuƙa ba ta kai wuyansu ba. A gidan mahauta babu kalmar da ta kai mushe muni.

Tsoho ya iso ya tarar ana jawo su. Bai yi ihu ba. Ya dubi ɗansa a gaban jama'a, ya ce, "Ni nic ce su zo. Bakina anka bi, ba zanenka ba. Wallahi ƙahwata ba ta taka gadarka har in koma ga Allah." Ya juya ya tafi gida a ƙasa, ya ƙi hawa motar da aka kawo masa.

Daga ranar fataken Janbako suka ɗauke ƙafa, na sauran ƙauyukan suka bi su. Abin da ya fi ba ni tausayi a labarin nan shi ne, Tsoho bai daina shiri ba. Duk Litinin sai ya sa a share zaure, a shimfiɗa tabarmi, a tuƙa tuwon baƙi. Ya zauna bakin ƙofa yana kallon hanya har rana ta faɗi, sannan ya ce a raba wa maƙwabta. Barau yakan shigo ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya kau da kai. Mutumin da ya kare ɗansa a gaban duk kara, ga shi ɗan ya zubar masa da abu ɗaya tak da ya mallaka.

Barau yana da hanyar tsira in ya so. A wurin aiki babu wanda ya ga laifinsa, don gadar lafiyarta ƙalau, har babbar mota ta bi ta kanta ba ta girgiza ba. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya nemi canjin wuri, ya bar mutanen da shanunsu. Ya yi godiya, ya hau babur ya tafi Janbako. Ya tarar da Hayatu a gindin bishiya, hannu a rataye. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gajiya da jiki.

"Mi kaka nema, ɗan maigida?" in ji Hayatu.

"Baba Hayatu, so nike in san abin da tag gani."

"Wa?"

"Mai karyayyen ƙaho."

Hayatu ya ce sai da ya yi kamar ya kore shi, amma ya ga yaron ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce masa, "Ni ban san gada ba, ban san abin da aka zubawa ciki ba. Abin da nis sani ɗai, bisashena ba su taɓa ƙin burtali ba."

Wannan magana Barau ya ɗauko ya dawo da ita. Ya shiga bin garkuna a ƙasa duk inda ya gan su, da hularsa ta kwano a hannu, mutane suna cewa ɗan Tsoho ya taɓu. Yakan rankwafa daidai tsawon idon saniya ya duba abin da take gani. Ya lura suna ƙin inuwa mai layi-layi, suna ƙin abu mai ƙyalli, suna sunsunar ƙasa kafin su taka. Wata rana da tsakar rana ya tuɓe takalmi ya hau gadarsa, bai kai tsakiya ba ya dawo da gudu, tafin ƙafa ya kusa salewa. Tun daga ranar yake taka aikinsa ba takalmi. Ya taɓa ce mini, yana dariyar kansa, "Ɗan mahauci na ni. Na san saniya daga ciki, hanta da tumbi da ƙashi. Na auna nauyinta daidai, ban auna tsoronta ba."

Dabarar kuwa a zauren mahaifinsa ta zo masa, wata Litinin da la'asar, yana zaune a kan tabarmar da babu baƙon da zai hau ta. Ya ɗaga kai ya ga bakan da ke riƙe da rufin soron, irin lanƙwasar nan da maginan gargajiya ke yi, ga tulin ƙasa a kanta shekara da shekaru ba ta ce uffan ba. Sai ya ga ashe tun farko ya juya tambayar. Yana ta neman yadda shanu za su hau gada, alhali ruwa ya kamata ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashin burtali, a bar wa shanu hanyarsu yadda suka san ta.

Ya tafi Bakura ya ɗauko wani magini mai suna Uba, wanda ya gaji ɗaurin baka daga kakanni. Waɗanda suka yi aikin sun ce ba su taɓa ganin mutum biyu masu gardama irin waɗannan ba. Uba ya san yadda baka ke kulle kanta, amma da laka da azara ya saba, kuma laka ba ta shiri da ruwa. Barau ya san ruwa, ya san lissafin nauyi, amma bai taɓa ɗaure baka da hannunsa ba. Uba ya dage a kan tushe mara zurfi, Barau ya haƙa ya nuna masa ƙasar tana jiƙa daga ƙasa. Barau ya zana lanƙwasar ta yi kwance da yawa, Uba ya jera 'yan duwatsu a kan yashi ya danna da tafin hannu, suka watse. Kowa ya sha kaye sau ɗaya, daga nan suka fara jin maganar juna.

Manyansa suka yarda saboda abin da ya nema bai taka kara ya karya ba. Bai nemi rodi ba, siminti ma kaɗan ne, na ɗinke tsakanin duwatsu. Duwatsun kuwa daga tulin da aka zubar ne a wurin fasa dutsen madatsa, waɗanda aka ce ba su da amfani. Ya jira lokacin da ake rufe ruwa don yashe kanal, ya kafa katako ɗan nesa da farar gadar, aka ɗaure baka ta dutse daga wannan bango zuwa wancan, faɗinta daidai faɗin burtali. A bayanta ya zuba tsakuwa, ya bar 'yan ƙofofin nan da yake tsokana har yau, don ruwan sama ya samu mafita kada ya kwanta a kan ginin. Sannan aka fara zuba ƙasa. Mahautan Mafara suka fito gayya da kwanduna, wasunsu a ɓoye, kada Tsoho ya ji. Ƙasar da aka shimfiɗa a sama, Barau ya ce lallai a kankaro ta daga tsohon burtalin, da kashin shanunta da warinta. Ya kwantar da hawan ya yi tsawo, yadda ƙafa ba za ta ji tana hawa ba. Ya dasa ciyawar jema a gangaren don saiwarta ta riƙe ƙasa, ya soke rassan aguwa a gefe biyu tun daga nesa har can ƙetare.

Da aka gama, ya ƙi bari ko akuya ta hau. Ya ce sai damina ta bi ta kai, ƙasa ta zauna, aguwa ta rufe. Masu baki suka samu abin yi. Wasu suka ce kabari ya gina wa aikinsa, wasu suka ce kunyarsa ya binne. Duk wannan damina zauren Tsoho yana nan wayam, idon tsohon kuma ya fara raunana.

Bayan kaka Barau ya koma Janbako. Hayatu ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, ba mai ɗaga sanda a kan ko saniya ɗaya, kuma in ja-gaba ta ƙi, sun juya ke nan har abada. Na biyu, sai maigida ya fito ya tare su a hanya kamar yadda aka saba, don shi wurin Tsoho yake zuwa, ba wurin injiniya ba. Barau ya dawo ya durƙusa ya isar da saƙo. Tsoho ya ce, "Baƙo ba a ƙin tarbarshi. Ina zuwa bakin ruwa in tsaya. Amma kak ka manta da rantsuwata."

Ranar Litinin da la'asar suka fita, Tsoho a gaba da sandarsa, Barau a baya. Suka shiga burtali, aguwa ta fi tsawon mutum dama da hagu. Tsoho yana tafe yana faɗa, wai an ɓata ƙasa, an kawo ruwa inda Allah bai sa ba, yaran yanzu ba su san komai ba sai zane. Barau yana biye da shi. Suna cikin haka suka ji kukan shanu a gaba. Tsoho ya tsaya inda yake, ya gyara riga, ya dogara sanda.

Garke ya ɓullo, mai karyayyen ƙaho a gaba, ta ƙara tsufa. Ta taho a hankali har ta zo daidai inda hawan ya fara, ta tsaya. Hayatu ya ce a lokacin ya ji kafaɗarsa ta sara. Ta sunkuyar da kai ta sunsuni ƙasa, ta ɗago, ta taka, ta sake takawa. Da ta iso tsakiyar tudun, kusa da inda Tsoho ke tsaye, sai ta ga wata 'yar ciyawa a gindin aguwa, ta miƙa wuya ta fizge ta, ta wuce tana tauna. Sauran suka biyo ta a natse, suna gogar juna, ƙura tana tashi.

Hayatu ya iso ya kama hannun Tsoho da hannu biyu.

"Maigida, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau, Hayatu. Maraba, maraba. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya kahwaɗar?"

"Ta yi sauƙi, mun gode Allah."

Suka yi ta gaisawa, shanu suna ratsa su ta kowane gefe. Da suka numfasa, Tsoho ya waiwaya ya ga ɗansa ya juya baya yana share ido da hannun riga. Ya ɗaure fuska ya ce, "Kai kuma mi as same ka? To ina gadar taka? Nuna min in gan ta daga nesa, mu san inda za mu tsaya da bisashen ga."

Barau ya durƙusa a cikin ƙurar, ya ce, "Baba, bisanta kake tun gaisuwar farko."

Tsoho ya dubi ƙasa. Ya ɗaga sanda ya buga, bai ji komai ba sai ƙasa. Ya sake bugawa da ƙarfi. Hayatu ya kama hannunsa ya kai shi gefe, ya buɗa aguwa da sanda, ga ruwa can ƙasa yana fitowa daga bakin dutse yana tafiyarsa. Kowa ya zuba masa ido, don duk wanda ke wurin ya san da rantsuwar, kuma an san Tsoho bai taɓa mayar da magana ba. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya saki aguwar ta rufe, ya juyo.

"Gada nir rantse ba ni takawa," in ji shi. "Wanga burtali na."

Ya ɗora hannu a kan ɗansa, ya ce, "Tashi, Injiniya. Wuce gaba ka ce musu a ƙara tuwo." Turai ta ce wannan ne karo na farko da tsohon ya kira shi da sunan aikinsa, kuma har ya rasu bai sake kiransa da wani suna ba.

Zaure ya sake cika. Tsoho ya yi sauran shekarunsa yana tarbar baƙinsa a kan tudun nan, kuma bai taɓa yarda cewa gada ce ba. In wani ya kuskure ya faɗa a gabansa, sai ya gyara masa. Barau ya sake gina irinta a wajen Garbadu da ɓangaren Bakura, kowacce da duwatsun da aka yar da ƙasar wurin. Farar gadar farko tana nan, masu keke da babur suna bi, amma ƙarafanta sun yi tsatsa, wasu an yanke an tafi da su. Ta dutsen kuwa babu abin da ɓarawo zai cira a jikinta, kuma duk garken da ya bi ƙara danne ta yake yi. Gyaranta ba ya jiran mota daga birni. Ya koya wa mutanen ƙauyukan yadda za su buɗe ƙofofin ruwa, su cike lotsawa, su soke aguwa, har yanzu in ya makara yakan tarar an riga shi.

Injiniya, kai ne ka yi kuskure a gaban jama'a, ka ƙi gudu, ka tsaya a inda aka san ka har ka gyara. Kai ne ka rankwafa ka kalli duniya da idon dabba, ana yi maka dariya. Ɗan mahauta mai jin tausayin na raye! Mun ga gine-ginen da aka buɗe da kiɗa da yanka ƙyalle, damina biyu suka tsage. Naka an buɗe shi da saniya mai karyayyen ƙaho, ga shi jikokin jikokinta suna bi. Ina jin takaicin yadda muka bar ka kana tsufa a kan babur ɗin nan ba mu ce maka sannu ba, kuma ina jin kunya a madadinmu duka.

Ga matasanmu masu karatun gini, ku je Tudun Aguwa wata Litinin. Ku tuɓe takalmi ku taka. Kafin ku auna abin da gada za ta ɗauka, ku tambayi wanda zai bi ta, ko da ba ya magana. Ku duba abin da ke zube a wurin kafin ku aika a kawo na nesa, kuma ku gina abin da mutanen wurin za su iya gyarawa bayan kun tafi.

Da muka ga an watse taron ban kwana ba a ambaci tudun ba, mu da wasu dattawan kara muka je gidansa. Muka ce mun yanke shawara za mu kafa allo a wurin, fari, babba, da sunansa a jiki, don na baya su sani. Ya saurare mu har muka gama, ya yi godiya, ya sa Turai ta kawo ruwa. Sannan ya ce, "Don Allah ku bari. Hwarin allo ƙyalli shikai. Kuna kahwa shi, ja-gaba na tsayawa."

Mun bari, Injiniya. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Tsoho, ya ba ka lafiyar hutawa. Sunanka ga shi mun rubuta a nan, inda ba zai tsorata ko saniya ɗaya ba.